Inda Hannun Inna Yake Sauka

Sana'ata albasa ce. A kasuwar Bodija ta Ibadan nake da rumfa, kuma tun ina ɗaukar buhu a ka nake cikinta, har na kai ga ana sauke mini mota. Abin da na sani game da bango bai wuce abin da kowa ya sani ba: ka jingina da shi in ka gaji, ka kafa masa ƙusa in kana son rataya riga. Sai da furfura ta cinye mini gemu sannan aka tilasta mini koyon abin da ban nema ba.

Gidanmu na unguwar Sabo tsohon gida ne. Mahaifina ya gina shi da ƙasa, daga baya aka shafe shi da siminti. Tsakanin falona da ɗakin Inna, mahaifiyata, akwai wani bango mai kaurin gaske, wanda damina bayan damina ya yi ta shan ruwa ta ƙasa har ya tsage daga sama zuwa tushe. Kafinta ya hau ya duba, ya ce rufin bai zauna a kansa ba, a sauke shi kafin ya sauke kansa. Babbar 'yata, wadda take aiki a wani ofis a cikin gari, ita ta kawo maganar allon filasta. Ta ce da shi aka yanka ofisoshinsu: ana tsayar da siraran ƙarafa, a rufe su da allo gaba da baya, a shafa fenti, ba jiran bulo ya bushe, ba ƙurar siminti da za ta tayar wa Inna tari. Na je na gani da idona, na ƙwanƙwasa, na yi nazari irin na ɗan kasuwa. Kaurin da tsohon bangon ya cinye ya isa a fitar wa Inna ɗan banɗaki a kusurwar ɗakinta, ta huta da ratsa tsakar gida cikin ruwa. Har gobe ina ganin shawarar ba ta da laifi.

Inna ta koma gidan maƙwabta na ɗan lokaci, aka rushe, aka kwashe ɓaraguzai, aka tsayar da sabon bango fari tas. Ta dawo ta tsaya a ƙofa tana kallonsa. Ta taka a hankali ta sa bayan yatsa ta ƙwanƙwasa. Ya amsa mata kamar an buga akwatin da babu komai a ciki.

Ta juya wajen matata ta ce, "Ki tambayi mai gidan nan, yaushe za a kawo bangon?"

Ina tsaye a bayanta ta faɗi haka. Ni ɗanta ne na fari, kuma tun da na buɗe ido Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban tsakiyar idona ta yi mini magana ba. Haka aka rene ta a ƙauyensu, kuma zaman Ibadan bai goge mata wannan ba. Da ina yaro ta bakin ƙannena saƙonta yake zuwa mini. Da na yi aure sai ya koma ta bakin matata. In na gaishe ta takan amsa wa bango ko ƙofa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma wanda bai tashi a cikinta ba zai yi wuya ya gane yadda mutum zai yi shekara da shekaru a gida ɗaya da uwarsa, ya san muryarta fiye da ta kowa, amma bai taɓa jin ta ce masa "kai" ba. Na saba. Illarta ɗaya ce: duk abin da take buƙata sai ya zagaya kafin ya same ni, wani ma ya ɓace a hanya.

Abin da ya ɓace a hanya a wannan karon wani guntun ƙarfe ne. Mahaifina ya kafa shi a tsohon bangon, ƙasa-ƙasa, daidai ƙugun mutum, yana rataya jakar rediyonsa. Bayan rasuwarsa babu wanda ya ƙara lura da shi. Ashe tun da gwiwar Inna ta dama ta fara ciwo, da wannan ƙarfen take miƙewa a salla. In ta gama sujada za ta tashi, sai ta kai hannun hagu ta kama shi ta ja jikinta. Ba ta gaya wa kowa ba, don ba ta ɗauke shi abin faɗi ba. Ya tafi cikin ɓaraguzai, masu sayen tsohon ƙarfe sun daɗe da wucewa da shi.

Matata ce ta fara ganewa. Tana yin zoɓo da kunun aya a gida ana zuwa sari, saboda haka wuni take tana kai da kawo a tsakar gida, kuma ba abin da yake wuce idonta. Ta ce mini Inna ta koma salla a zaune.

Na ce, "To ai addini ya yarda. Mai lalura ya yi a zaune."

Ta ce, "Alhaji, addini ya yarda, Inna ce ba ta yarda ba. Ka ga yadda take komawa bayan ta sallame? Ko abinci ba ta taɓawa. Na ce in riƙa shigowa ina ɗaga ta, ta ce ita ba buhun gero ba ce."

Ban ɗauki maganar da nauyin da ya kamata ba, don a makon motoci suka yi ta shigowa a jere, ruwa kuma yana ta zuba, albasa tana neman ruɓewa a hannunmu. Ina dawowa gida ƙafafuna ba sa ɗaukata. Sai wata ranar da na dawo da la'asar na tarar da tsakar gida shiru. Inna ta samo doguwar ƙusa a cikin tarkacenta, ta ɗauki ɗan dutsen da take fasa goro da shi, ta buga a sabon bangon daidai inda hannunta ya saba sauka. Ƙusar ta shige kamar an soka ta a kabewa. Ita kuwa ta ɗauka ta kafu. Da ta zo tashi ta ja, ƙusar ta biyo hannunta da farin gari, ita kuma ta kife ta gefe. Allah ya tsare ba ta karye ba, kafaɗa ce ta bugu.

Ina zaune a falo bayan magariba na ji muryarta ta cikin bangon, don wannan allo ba ya ɓoye magana. Da matata take, amma ta san inda nake zaune.

"Ki gaya wa mai gidan nan ya nema mini kujera a motar garinmu a tashar Ojoo. Zan koma wajen ƙanena. Can ko ba komai bangonsu ƙasa ne. Ban zo duniya don in ƙarasa sallata a zaune cikin kwali ba."

Na san Inna. Ba ta barazana. Kashegari matata ta ce ta ɗaure zannuwanta a ƙunshi ta ɗora kan akwati. Ƙanen nata kuwa shi ma tsoho ne, a hannun 'ya'yansa yake, garin ba asibiti kusa, kuma ita rabonta da can tun ina saurayi. Na san in ta hau wannan mota, doguwar hanyar kaɗai ta ishe ta, kuma ba zan ƙara ganinta tana tafiya da ƙafarta ba. Hana ta da baki ba zai yiwu ba, tunda ba ma magana. Abin da ya rage mini shi ne in sa wa bangon abin da zai ɗauke ta.

Na tafi Mokola wajen wata Bayarabiya mai shagon kayan gini, wadda na daɗe ina sayen kwan fitila da makulli a wajenta. Da Yarabanci muke magana, kuma ba ta kirana komai sai Alaji Alubosa, wato Alhajin albasa.

Na ce, "Iya, ƙusa nake so wadda take kama bangon allo."

Ta ce, "Ƙusa ba ta kama bangon allo. Me za ka rataya?"

Ban iya buɗe baki a tsakiyar kasuwa na ce uwata zan rataya ba. Na ce, "Wani abu ne mai ɗan nauyi."

"Agogo? Madubi? Talabijin? Ku Hausawa komai sirri ne. Nauyinsa kamar me?"

Na yi tunani na ce, "Kamar rabin buhun albasa."

Ta yi dariya har ta dafa kanta, ta ce ko kasuwa ce ta ƙone zan koma ajiye kaya a bango. Sannan ta jawo wata tire ta zube mini kaya a gabana. Ta fara ɗaga 'yar robar nan da kowa ya sani, wadda ake cusawa a rami kafin a ɗaura ƙusa mai zare, ta jefar da ita gefe, ta ce wannan ta bulo ce, a allo ba ta da abin da za ta cije, juyawa kawai za ta yi ta yi. Ta ɗauko wata mai faɗin zare kamar bayan dodon koɗi, wadda take huda wa kanta hanya, ta ce wannan ta hoto ce da agogo. Ta ɗauko wata ta ƙarfe da in an ɗaure ta take buɗewa ta bayan allon kamar lema. Ta ƙarshe doguwa ce mai fikafikai biyu: ka naɗe su ka tura ta rami, su buɗe a ciki, su dafe bayan allon. Ta ce wannan ita ce babbarsu.

Ni ɗan kasuwa ne, ba na sayen buhu don mai shi ya rantse mini. Na ɗebi kowane iri, na koma gida na ɗauko ragowar allon da masu aiki suka bari a zaure, na kai shi rumfa. Na sa aka ɗaure shi tsakanin ginshiƙai biyu, na kafa kowace a jere, na riƙa rataya musu albasa da igiya. Maƙwabtan rumfa suka taru. Wani ya ce Alhaji ya gaji da sayar da albasa zai fara yi mata ado. Wani ya ce a kira masa mai ruƙiyya. Ban kula su ba.

'Yar robar bulo ko igiyar ba ta riƙe ba. Mai zaren dodon koɗi ta ɗan yi ƙoƙari, ina ƙara kaya sai ta fito da wani dunƙulen allo a jikinta. Mai lema da mai fikafikai suka riƙe rabin buhu, buhun yana lilo, ba su motsa ba. 'Yan kallo suka yi tafi kamar an ci ƙwallo. Har na fara jin sanyi a raina, sai na tuna Inna ba a rataye take ba. Ba ƙasa take jan abin ba, wajenta take jawowa, ta saki, ta sake ja, kullum, a kowace salla. Na sauke buhun, na ɗaura igiyar a hannuna, na tsuguna na ja na miƙe. Na sake. Ban yi nisa ba na ga fenti ya fara tsagewa a kewayen ramin, gari yana zubowa. Ƙarfen bai lanƙwashe ba, fikafikan ba su karye ba. Allon ne ya gaji. Na san wannan a sana'ata: sau da yawa ɗinkin buhu yana nan daram, jikin buhun ne yake yagewa a gefensa.

Na koma Mokola da guntun allon a hannu na ajiye mata a kan teburin shagon. Ta duba ramin ta dube ni.

Ta ce, "Wannan ba rataya aka yi ba, ja aka yi. Alaji, ka gaya mini gaskiya, me kake ɗaurewa a ɗaki? Rago?"

Na ce, "Tsohuwata ce. Da shi za ta riƙa tashi in tana salla."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce, "To me ya sa ba ka faɗa tun farko ba? Ka sa ina ta yi maka maganar agogo." Ta ce duk abin da ke cikin tiren nan babu wanda za ta ba ni in dogara da shi a allo kaɗai, in dai ran mutum ne zai rataya a kai. Ta ce in nemi ƙarafan da ke tsaye a cikin bangon, su ne ƙashinsa, allon fata ce kawai. Ta ciro wani maganaɗisu daga tsohuwar lasifika ta ba ni aro, ta ce in riƙa jan sa a jikin bangon, inda ya maƙale nan ƙarfe yake. Ta ce kuma ƙarfen ma siriri ne, kada in yarda da ƙusa mai zare kaɗai, in huda in tura mai fikafikai ta cikinsa, ta yadda fikafikan za su dafe bayan ƙarfe, ba bayan alli ba. Ta haɗa mini da wani mariƙi mai sheƙi irin na banɗakin asibiti.

Na jira sai da Inna ta fita barka gidan maƙwabta, na shiga ɗakinta da maganaɗisu. Rabona da in tsaya a ɗakin nan ni kaɗai na manta. Warin man zafi da turaren wuta, buta a kusurwa, carbi a kan matashi, ƙunshin zannuwa a kan akwati an ɗaure shi tamau. Na ja maganaɗisun a jikin bango har ya maƙale. Na kira mai aikin da ya yi bangon ya zo da injin huda, muka kafa mariƙin a jikin ƙarfen. Na kama na ja da ƙarfina, bai ce komai ba. Na koma kasuwa ina ganin na gama.

Kwanaki suka wuce, matata ta ce Inna ko kallonsa ba ta yi, sai ma ta rataya masa ɗankwali.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Me kuma take so? Na bar kasuwa, na zama abin dariya a Bodija, na kawo abin da zai ɗauki ƙato. Sai na rushe gidan na sake gina mata na ƙasa?"

Matata ta ci gaba da tace zoɓonta. Sai da ta gama ta ɗauraye hannu ta ce, "Zo ka gani." Inna tana banɗaki. Matata ta nuna mini dardumar sallar, wadda take shimfiɗe a karkace kamar yadda alƙibla take a gidanmu, kanta yana kusantar bango, ƙafarta tana nesa da shi. Sannan ta nuna mini bangon. Kusa da ramin da ƙusa ta bari akwai wani tabo, dusu-dusu, na man zafi da gumin tafin hannu. Ashe har yanzu in Inna ta zo tashi nan take kai hannu, ta dafa, ta ji ba komai, ta koma ta zauna. Mariƙina yana can gaba da tabon da fiye da kamu ɗaya. Kafin ta kai gare shi sai ta miƙa jiki ta ɗora nauyinta a kan gwiwar da take ciwo.

Na ce, "To a matsar da dardumar mana."

Ta ce, "In an matsar gaba goshinta zai bugi bango. In an juya ta, ta bar alƙibla. Kuma Alhaji, a nan take salla tun kafin a kawo ni gidan nan. Kai za ka gaya mata ta matsa?"

Na tsaya ina kallon tabon. Ƙarfen bangon yana inda mai aiki ya ga dama ya tsayar da shi, hannun Inna yana sauka inda shekaru suka koya masa, kuma babu wanda zai matsa wa wani. Tsakanin ƙarafa biyu tabon ya faɗo, daidai inda bangon ya fi zama fanko. Na gaji a lokacin, irin gajiyar da ba ta jiki ba. Na zauna a bakin gadonta, abin da ban taɓa yi ba, na ce da matata da na sani da bulo na sa. Ta ce da na sa bulo da yanzu muna maganar tari, in tashi kafin Inna ta fito.

A rumfa dabarar ta zo mini, ina kallon yadda muke gitta katako a kan duwatsu mu ɗora buhuna don kada su taɓa ƙasa. Nauyin yana tsakiya, amma duwatsun gefe ne suke ɗauka. Na je wajen masu katako na zaɓi falanki mai kauri, busasshe, wanda tsawonsa zai haɗa ƙarfen hagu da na dama ya ɗan wuce. Mai aikin ya so a buɗe bangon a ɓoye katakon a ciki don kyau. Na ce a'a, a waje nake son sa, inda za ta gan shi ta taɓa shi. Matar da ta ƙwanƙwasa bango ta ji fanko ba za ta yarda da abin da aka ce mata yana ciki ba. Muka huda falankin, muka huda allon da ƙarafan, muka tura masu fikafikai sama da ƙasa a kowane gefe, muka ɗaure har katakon ya manne. Mariƙin asibitin kuwa na cire shi. Na kai wa wani maƙeri a bayan unguwa kwatancen ƙarfen mahaifina yadda nake iya tunawa, baƙi, mai kauri kamar babban yatsa, mai ɗan lanƙwasa a baki. Ya buga mini irinsa da faffaɗan gindi. Matata ta auna tabon da zare daga ƙasa da kuma daga kusurwa kafin katako ya rufe shi, muka ɗaure ƙarfen daidai wurin da noti ta bayan falankin.

Saura abu ɗaya. Inna ta taɓa yarda da ƙusa ta kayar da ita, ba za ta sake ba da jikinta don an aiko mata da saƙo cewa wannan karon ya kafu ba. Ni kuma ba ni da bakin da zan lallashe ta. Saboda haka da ta dawo ɗaki ta zauna a bakin gado, na yi sallama na shiga, abin da ya sa ta juyar da fuska wajen taga ta ja mayafi. Na kira matata da ƙarfi kamar tana nesa, alhali tana bakin ƙofa.

Na ce, "Zo ki tsaya ki gani ko wannan abu zai ɗauke ni."

Ni ba ƙaramin mutum ba ne, cin tuwon kasuwa ya zauna mini. Na durƙusa a gefen dardumar, na kai hannun hagu na kama ƙarfen, na saki dukan nauyina a kansa na miƙe. Katakon ya yi ɗan ƙara ya tsaya. Na sake durƙusawa na miƙe. Na yi ta yi har numfashina ya fara fita da ƙyar, gwiwoyina suna ƙara fiye da katakon. Matata ta toshe baki da gefen mayafi.

Ta ce, "Alhaji, ya isa, kada mu koma neman wanda zai ɗaga ka."

Na ce, "Ki dai duba da kyau. Ya motsa?"

"Bai motsa ba."

"Ki ƙwanƙwasa ki ji."

Ta ƙwanƙwasa falankin, ya amsa da murya mai nauyi irin ta ƙofar zaure. Duk wannan Inna tana kallon taga. Sai can ta ce, "Ki gaya masa ya fita mini daga ɗaki, yana ta haki kamar an koro shi. Kuma ya taka mini gefen darduma da ƙafar kasuwa."

Na fita. Ranar ban koma Bodija ba, na zauna a falo na jingina da bangon ta ɓangarena. Aka kira la'asar, na je masallaci na dawo na sake zama, don na san Inna takan jinkirta. Na ji ƙarar buta, na ji ta shimfiɗa darduma, na ji kabbara ƙasa-ƙasa. Aka ɗan jima. Sai na ji katakon ya yi ƙara a bayana, bangon ya ɗan motsa a kafaɗata kamar an dafa ni, sannan ya saki. Ban tashi daga wurin ba sai da ta sallame.

Saƙon da ya zo ta bakin matata bayan kwana biyu shi ne a gaya wa mai gidan nan bakin ƙarfen yana da kaifi, na da ba haka yake ba. Na sa aka goge shi aka naɗa masa tsumma.

Yanzu duk Juma'a kafin in tafi masallaci, in ta fita tsakar gida shan hantsi, nakan shiga da sukundireba in gwada kowace ƙusa. Wani lokaci ɗaya takan ɗan saki, in ƙara mata. Ƙasan allon ta wajen banɗaki ya fara laushi saboda ruwan buta, kuma na san wata rana sai an cire wannan ɓangaren an sake, a sake neman ƙarfe, a sake auna inda hannu yake sauka. Gwiwar ma ba sauƙi take yi ba. Matata ta ce kwanan nan a raka'ar farko da ta biyu take miƙewa, sauran ta ƙarasa a zaune, kuma ba ta ƙin abinci a kan haka.

Maganar motar Ojoo ba ta sake tasowa ba. Ƙunshin yana nan a kan akwati, ba ta kwance shi gaba ɗaya ba, sai dai ta sassauta bakinsa tana zaro zani in tana buƙata, in an wanke kuma matata ta mayar da shi cikin akwati, ita kuma ba ta hana ba. Da na shiga wannan Juma'ar, abin da ya rage a cikin ƙunshin bai fi a rufe kwano da shi ba.